Ana Sayen Ƙarfe Kullum, To Me Ya Ci Garuruwan Ƙarfe?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ina yawan ganin hotunan garuruwan Amurka da Turai da suka yi suna wajen narka ƙarfe, yanzu masana'antunsu sun yi tsatsa, unguwanni sun zama kufai. Amma ga shi kullum ana gini, ana ƙera motoci, ana shimfiɗa layin dogo. In dai ana sayen ƙarfe, me ya kashe su? Da gaske ƙasar Sin ce ta ƙwace musu kasuwa? Kuma garin da ya faɗi irin haka yana sake tashi?"

Malam, tambayoyi uku ka haɗa, ta farkon ce kuma ta fi nauyi. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, ciniki bai tsaya ba. A 1950 duk ƙarfen da duniya ta narka bai kai tan miliyan 200 ba, yanzu kuwa ana narka kusan tan biliyan 1.9 a shekara. Kasuwa ta ninka wajen sau goma a daidai lokacin da garuruwan da kake gani a hoto suke zubewa. Abubuwa biyu ne suka sauya: wurin da ya fi arha a narka ƙarfe, da yawan hannun da ake buƙata kafin a narka shi. Kamfani yana iya kwashe jarinsa ya bi arha duk inda ta koma. Gari ba ya iya tashi ya bi shi.

Bari in fara da dalilin da ya sa garuruwan suka tsiro inda suka tsiro. Ƙarfe kaya ne mai nauyi, kuɗinsa kuma kaɗan ne in an gwada da nauyinsa. Kafin a sami tan ɗaya a tanderun zamani sai an zuba tama wajen tan 1.4, da kwal wajen kilo 800, da dutsen farar ƙasa. A ƙarni na 19 kwal ɗin da ake ƙonawa ya ninka haka sau da yawa. Duk wanda ya ce zai ɗauko wannan lodi daga nesa, kuɗin dako kaɗai ya cinye masa riba. Shi ya sa masu jari suka kai tanderu gindin kwal. Sheffield a Ingila, yankin Ruhr a Jamus, Pittsburgh a Amurka, duk a kan kwal suke zaune ko dab da shi, ga kogi kusa. Da Henry Bessemer ya fito da dabararsa a 1856, ta hura iska cikin narkakken ƙarfe don ƙone dattinsa, sai ƙarfe mai ƙwari ya yi arha, daidai lokacin da ƙasashe ke rige-rigen shimfiɗa layin dogo. Andrew Carnegie ya buɗe masana'antarsa a Braddock, gefen Pittsburgh, a 1875, ya sa mata sunan Edgar Thomson, mutumin da ya shugabanci kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania. Carnegie ya san wanda zai riƙa saye masa kaya.

Tun a wancan zamani taswirar ta fara motsi. Da aka gano tama mai ɗimbin yawa a Mesabi, jihar Minnesota, aka riƙa sauko da ita a jirgin ruwa ta manyan tafkunan arewa, sai bakin tafki ya fara fin bakin ramin kwal daraja. Kamfanin US Steel, wanda aka kafa a 1901 bayan J.P. Morgan ya saye na Carnegie a kan dala miliyan 480, ya je wani fili mai yashi a gaɓar tafkin Michigan a 1906, ya gina masana'anta, ya gina gari a bayanta, ya raɗa wa garin sunan shugaban kamfanin, Gary. Ka ga nan masana'anta ce ta haifi gari. Ka riƙe sunan, za mu dawo kansa.

Akwai wata halayya ta babban tanderun narka tama da ya kamata a sani, domin ita ce ke bayyana yawancin rikicin. Wanda bai san aikin ba yana ɗauka inji ne, a kunna da safe a kashe da yamma. In aka hura shi, sai ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin yana ci dare da rana, zafin cikinsa sama da digiri 1,500. In ya huce ba tare da shiri ba, ƙarfe da kashinsa su daskare a ciki, gyaransa ya koma kamar sabon gini. Wannan yana haifar da abu biyu. Na farko, in farashi ya faɗi, mai tanderu ba ya iya janye hannu ya jira kasuwa ta gyaru. Kuɗin da ya binne a ginin ya riga ya binnu, bashin banki yana nan, don haka gara ya ci gaba da narkawa ya sayar ko da faɗuwa ce. Kowa ya yi haka, sai kaya su yi ambaliya, a fara jibge rara a ƙasar wani a farashin da bai kai kuɗin yin sa ba. Duk rikicin ƙarfe da ka taɓa ji a labarai, daga na shekarun 1970 zuwa na yau, in ka tone shi wannan za ka tarar.

Na biyu ya shafi garin. Tanderun da ba ya barci yana buƙatar ma'aikata kashi uku a kowace rana, sai rayuwar gari kaf ta jeru a kan lokacin shiga da fita aiki. Albashi yana da kyau, musamman bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ƙarfi. Yaro ya gama sakandare, ko ma bai gama ba, ya bi ubansa cikin masana'anta, ya yi aure, ya sayi gida. Wa zai ɓata shekara huɗu a jami'a? Wa zai buɗe ƙaramin kamfani ya yi gogayya da wannan albashi wajen neman ma'aikata? Haraji daga kamfani yake fitowa, masu shaguna da albashin ma'aikatansa suke ci. A ganina wannan shi ne raunin da ya fi kowane: shekarun da garin ya fi jin daɗi su ne suka hana shi koyon wata sana'a.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka kaɗai tana narka kusan rabin ƙarfen duniya, domin masana'antun Jamus da Japan sun sha bama-bamai. Cikin shekara talatin abubuwa suka juya. A Linz ta ƙasar Ostiriya, a 1952, aka fara amfani da tukunyar da ake hura wa tsantsar iskar oksijin. Aikin da tsohon murhu mai buɗaɗɗen ciki yake kwashe awa takwas ko fiye yana yi, sai ga shi ana gamawa ƙasa da awa ɗaya. Manyan kamfanonin Amurka a shekarun 1950 suna ta ƙara gina irin tsohon murhun, su ne kan gaba, ba su ga dalilin gaggawa ba. Japan da ke gini daga tushe ta rungumi sabuwar dabara, ta haɗa da ta zuba narkakken ƙarfe kai tsaye ya fito a miƙe ba tare da an daskarar da shi an sake gasawa ba.

Abin da ya fi wannan girgiza taswira shi ne jirgin ruwa. Ostireliya ta ɗage haramcin fitar da tama a 1960, aka buɗe manyan ma'adinan Pilbara, Barazil ma ta shigo da tata tama mai kyau, jiragen dakon kaya kuma suka yi girman da ɗauko tan ɗaya daga wata nahiya ya fi arha a kan jawo shi 'yan ɗaruruwan kilomita a jirgin ƙasa. Daga nan wurin da ya fi dacewa da tanderu ya zama bakin teku mai zurfi. Japan, wadda kusan ba ta da tama, ta narka tan miliyan 119 a 1973. A shekarar ce kamfanin POSCO ya fara fitar da ƙarfe a Pohang ta Koriya ta Kudu, garin da masunta suka fi yawa a cikinsa, bayan Bankin Duniya ya nuna aikin ba zai yi riba ba. Garuruwan da ke can cikin ƙasa, a kan kwal ɗin da ya fara ƙarewa ko ya yi zurfi, sai suka wayi gari abin da ya kawo su wurin ya daina aiki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1959 ma'aikatan ƙarfe na Amurka suka yi yajin aiki na kwana 116. Masu ƙera motoci da 'yan kwangila suka nemo ƙarfe daga waje, suka ga yana da kyau yana da arha, a shekarar ƙarfen da aka shigo da shi ya fi wanda aka fitar. Sannan tsadar man fetur ta 1973 ta zo ta tarar da ƙasashe masu arziki sun riga sun gina yawancin gadojinsu da hanyoyinsu. Motoci suka rage nauyi, gwangwanin lemo ya koma na alminiyam. Buƙata ta tsaya cik, ga tanderu an gina da yawa da tsammanin za ta ci gaba da hawa.

Yanzu duba kwanakin faɗuwar, domin su ne amsar tambayarka ta biyu. Ranar 19 ga Satumba 1977 kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe masana'antarsa ta Campbell a jihar Ohio, mutum wajen 5,000 suka rasa aiki, har yau mutanen garin Baƙar Litinin suke kiran ranar. Consett da Corby a Ingila an daina narka ƙarfe a cikinsu a 1980. Masana'antar Homestead, kusa da Pittsburgh, an rufe ta a 1986. A Rheinhausen ta Duisburg, a yankin Ruhr, ma'aikatan kamfanin Krupp sun tare gadar kogin Rhine a ƙarshen 1987 don hana rufewa, suka jinkirta ta zuwa 1993. A 1980 ƙasar Sin gaba ɗayanta tan miliyan 37 take narkawa, kuma sayen ƙarfe take yi daga waje. Wanda ya ɗora mata faɗuwar waɗannan garuruwa ya bar jaki yana dukan taiki.

A Amurka ma, babban abokin gaban tsofaffin kamfanoni a gida ya taso. Kamfanoni irin su Nucor suka fara narka tsofaffin ƙarafa, ragowar motoci da gine-gine, a tanderun lantarki. Ba ruwansu da tama, ba ruwansu da kwal, ana iya kashewa a kunna, ginin kuma bai kai na babban tanderu tsada ba ko kusa. Suka je ƙananan garuruwa, galibi a kudu, inda ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi. Da rodin gini suka fara, manyan kamfanoni suka raina su, suka bar musu, tunda ribar rodi kaɗan ce. A 1989 Nucor ta fara yin fallen ƙarfe a Crawfordsville, jihar Indiana, ta shigo gonar manya. Yau kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen Amurka daga tanderun lantarki yake fitowa. A farkon shekarun 1980 tan ɗaya yana cin aikin mutum ɗaya na wajen awa goma, yanzu awa biyu ko ƙasa. Abin da ƙasar ke narkawa ya ragu daga tan miliyan 137 a 1973 zuwa wajen 80, amma ma'aikata sun ragu daga sama da 600,000 a shekarun 1950 zuwa ƙasa da 100,000. Ka gwada raguwar biyu, za ka ga inda aikin ya tafi.

Ga Gary da na ce ka riƙe. Masana'antar tana nan tana aiki, ita ce mafi girma da US Steel ke da ita a Amurka. A da tana ɗauke da mutum wajen 30,000, yanzu ba su kai 5,000 ba. Garin ya sauko daga mutum 178,000 a 1960 zuwa wajen 69,000 a 2020. Braddock ma haka: tanderun Edgar Thomson na nan yana hayaƙi, garin da ya taɓa kaiwa mutum 20,000 yanzu bai kai 2,000 ba. Gari yana iya mutuwa masana'antarsa na raye.

To ina rawar Sin? Tata ta zo daga baya, kuma babba ce. Ta zama ta ɗaya a duniya a 1996. A 2000 ta narka tan miliyan 128, a 2020 ta haura biliyan ɗaya, fiye da rabin na duniya. Birnin Tangshan kaɗai, a lardin Hebei, yana narka fiye da Amurka gaba ɗaya. Akwai wani labari da nake yawan bayarwa don ya fi lissafi shiga kai. Da ThyssenKrupp ta rufe masana'antarta ta Dortmund a Jamus, kamfanin Shagang na Sin ya saye ta, a 2002 ya turo ma'aikata suka kwance ta kusa bayan kusa, suka sa wa kowane yanki lamba, aka loda a jirgi, aka sake haɗa ta a bakin kogin Yangtze. Inda wani ɓangarenta yake a da, a unguwar Hörde ta Dortmund, an haƙa tafki, an cika shi da ruwa a 2010, an jera gidaje masu tsada a bakinsa.

Abin da ake mantawa shi ne, a shekarun farko yunwar ƙarfen Sin taimakon tsofaffin masana'antu ta yi. Farashi ya tashi daga 2003 zuwa 2008, masana'antun da aka fid da rai da su suka koma riba, aka yi ta saye-saye. Lakshmi Mittal ya haɗa ArcelorMittal a 2006, Tata ta Indiya ta saye Corus, magajin British Steel, a 2007. Matsala ta zo ne da gine-ginen Sin suka lafa, tanderunta kuma ba su lafa ba, bisa halayyar da na bayyana. A 2015 ta fitar da tan miliyan 112 zuwa waje, fiye da duk abin da Amurka ta narka a shekarar. Farashi ya karye, Redcar ta Ingila ta rufe a ƙarshen shekarar. Bayan durƙushewar kasuwar gidaje a Sin daga 2021, abin ya maimaita kansa, a 2024 fitarwar ta sake kaiwa wajen tan miliyan 110. A wannan zagaye, wanda ya ambaci Sin bai yi ƙarya ba.

Ita ma Sin ɗin tana da nata garuruwan da suka tsufa. Yankin arewa maso gabas, inda Anshan take, ya sha sallamar ma'aikata a ƙarshen shekarun 1990, kuma jama'arsa raguwa suke yi. A 2016 gwamnati ta sanar da rage ƙarfin narkawa da tan miliyan 100 zuwa 150, ta ce ma'aikata miliyan 1.8 na kwal da ƙarfe za su bar aiki, ta ware yuwan biliyan 100 don tsugunar da su. Masana'antar Shougang da ke cikin Beijing an tashe ta saboda hayaƙi aka mai da ita bakin teku a Caofeidian, a tsohon filinta aka yi wasan tsalle kan ƙanƙara na gasar Olamfik ta 2022, hasumiyoyin sanyaya ruwa na tsaye a bayan 'yan wasa. Abin da ya ɗauki Turai shekara ɗari, Sin tana ratsa shi cikin talatin ko arba'in.

Wani sauyi da ba a cika gani a hoto ba shi ne inda ake yanke hukunci. A da mai masana'anta a garin yake, ko a babban birnin ƙasar. Yanzu makomar Port Talbot ta Wales a Mumbai, hedikwatar Tata, ake zartar da ita. Masana'antar Scunthorpe ta Ingila ta koma hannun kamfanin Jingye na Sin a 2020, har sai da majalisar dokokin Birtaniya ta yi zaman gaggawa ranar Asabar, 12 ga Afrilu 2025, ta ba gwamnati ikon hana a bar tanderu biyun ƙarshe na ƙasar su huce. US Steel kanta ta koma hannun Nippon Steel na Japan a watan Yuni 2025. Mai kamfanin da ke da masana'antu a ƙasashe goma, garinka layi ɗaya ne a takardar lissafinsa.

Kuɗin fito fa, yana ceton gari? An gwada sau da yawa. George W. Bush ya sa har kashi 30 a kan ƙarfen da ake shigo da shi Amurka a 2002, ya janye a ƙarshen 2003 bayan Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce ya saɓa ƙa'ida. Donald Trump ya sa kashi 25 a 2018, ya kai shi 50 a 2025. Yana ɗaga farashi a gida, kamfani ya sami numfashi, amma kuɗin da ya samu a sabon tanderun lantarki yake zubawa, a wani gari daban, da ma'aikata 'yan ɗaruruwa. Masu aiki a masana'antun da ke sayen ƙarfe kuma sun ninka masu narka shi sau da yawa, su ne ke biyan tsadar.

Sai tambayarka ta uku. Pittsburgh ake kafa misali da ita, har taron G20 aka kai can a 2009 don a nuna wa duniya. Gaskiya ne ta farfaɗo: asibitoci, jami'o'i, binciken mutum-mutumi da kwamfuta. Dogon ginin US Steel da ke tsakiyar birni yanzu sunan UPMC, rukunin asibitocin jami'ar Pittsburgh, ke samansa. Amma ka lura da abin da take da shi tun kafin bala'in: jami'ar Carnegie Mellon, jami'ar Pittsburgh, bankunan Mellon, da gidauniyoyin attajiran ƙarfe da suka bar dukiya a garin. Youngstown da Gary ba su gaji irin wannan ba, ribarsu wani wuri aka kai. Kuma farfaɗowar ta zo ne bayan birnin ya sauko daga mutum 676,000 a 1950 zuwa wajen 303,000 a 2020. Waɗanda suka sami sabon aikin, yawanci ba su ne suka rasa tsohon ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar a bakin tanderu ba ya komawa likita. Ko dai ya yi ƙaura, ko ya karɓi aikin gadi da rabin albashi, ko ya zauna da fansho in ya tsira. Bethlehem Steel ta karye a 2001 da masu karɓar fansho da suka ninka ma'aikatanta sau da yawa, dubban tsofaffi suka rasa inshorar lafiya. Filin masana'antarta ta Sparrows Point, kusa da Baltimore, yanzu rumbunan ajiyar kaya ne, har da na Amazon. Youngstown dai ta yi abin da ba kowane gari ke da zuciyar yi ba: a farkon shekarun 2000 ta fitar da tsari da ya amince cewa mutum 170,000 na da ba za su dawo ba, ta shiga rushe gidajen da babu kowa.

Ruhr ta bi wata hanya, kuma ni na fi ganin hikimarta, ko da yake ta ci kuɗi ƙwarai. Dokar 1951 ta ba ma'aikatan kwal da ƙarfe rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanoninsu, saboda haka ba a rufewa dare ɗaya. Aka yi ta ragewa a hankali, da ritaya da wuri, da tallafin gwamnati, har ramin kwal na ƙarshe sai a Disamba 2018 aka rufe shi. Yankin da ke da mutum sama da miliyan biyar ba shi da jami'a ko ɗaya har shekarun 1960, aka buɗe ta Bochum a 1965, wasu suka biyo baya. Tsohuwar masana'antar Thyssen a arewacin Duisburg ta zama wurin shaƙatawa, ana hawa saman tanderu a kalli gari. Duk da haka rashin aikin yi a Duisburg da Gelsenkirchen ya fi na sauran Jamus nesa ba kusa ba, kuma a Nuwamba 2024 sashen ƙarfe na ThyssenKrupp ya ce zai rage guraben aiki 11,000 kafin 2030. Da sauran rina a kaba.

Bilbao ta Sifaniya ta ruɗi garuruwa da yawa. An kashe tanderun Altos Hornos a 1996, aka buɗe gidan tarihin Guggenheim a 1997, masu yawon buɗe ido suka yi tururuwa, sai kowane magajin gari ya ɗauka gini mai ƙyalli ne magani. Ba a duba cewa sun wanke kogi, sun matsar da tashar jiragen ruwa, sun gina jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1995, kuma yankin Basque yana tara harajinsa da kansa. Sheffield ta gwada da wata cibiyar kiɗa a 1999, ta rufe a 2000. Abin da ya fi yi mata amfani shi ne abin da ta gada. A garin ne Harry Brearley ya gano ƙarfe marar tsatsa a 1913, kuma har yau ana yin ƙarfe na musamman da ba kowa ke iya yi ba. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ta saye Sheffield Forgemasters a 2021 don kada ta rasa mai ƙera mata sassan jiragen ƙarƙashin teku. Aikin yana da daraja, sai dai mutanen da yake ɗauka kaɗan ne.

Kada kuma kewar da ake yi ta sa a manta da hayaƙi. A Donora, kusa da Pittsburgh, hazon masana'antu ya kashe mutum 20 cikin 'yan kwanaki a 1948. A Taranto ta Italiya kotu ta ba da umarnin ƙwace sassan masana'antar Ilva a 2012 saboda cututtukan da ke addabar maƙwabta, sai ma'aikata suka fito titi suna kare aikinsu, alhali iyalansu ne ke shaƙar ƙurar. Gaba kura, baya sayaki.

Hayaƙin ne ma ke shirin sake motsa taswirar. Sana'ar ƙarfe tana fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, yawanci daga babban tanderu. Tarayyar Turai ta tsara harajin kabon a kan ƙarfen da ake shigo mata da shi daga 2026. Mafita ita ce a yawaita narka tsofaffin ƙarafa, ko a tace tama da iskar gas ko haidirojin maimakon kwal. Dukansu wutar lantarki mai arha suke so. A Luleå ta arewacin Suwidin, inda wutar madatsun ruwa take da yawa, aka yi ƙarfen farko ta hanyar haidirojin aka miƙa wa Volvo a 2021. A Jamus kuwa, inda wuta ke da tsada, ArcelorMittal ta fasa irin wannan shiri a Bremen da Eisenhüttenstadt a 2025, duk da tallafin Yuro biliyan 1.3 da gwamnati ta yi alkawari. Indiya, wadda ta zama ta biyu a duniya a 2018, har yanzu sababbin tanderun kwal take ginawa, don tana matakin da ake shimfiɗa hanyoyi da gadoji.

Port Talbot ce ta fi nuna inda aka dosa. Ranar 30 ga Satumba 2024 aka kashe babban tanderunta na ƙarshe. Tata za ta gina na lantarki a wurin da tallafin fam miliyan 500 daga gwamnatin Birtaniya, an kuma soke guraben aiki wajen 2,800. Kafin a gama ginin, injunan murza ƙarfe na garin suna aiki ne da sandunan ƙarfen da aka narka a wasu ƙasashe aka kawo a jirgin ruwa.